Kwana huɗu ina gardama da kart, zogalen mata yana mutuwa

Assalamu alaikum. Na daɗe ina son rubuto muku wannan labari, kunya ce ta hana ni. Lokacin da abin ya faru ban jima da dawowa gida Madarounfa ba daga Yamai, inda na karanci aikin na'urori. Na dawo da takardar shaida, da ordinatar, wato kwamfuta, a jaka, da girman kai wanda ya fi su duka nauyi. In dattijo na magana a kan inji, sai in yi ta murmushi ina jiran ya gama. Wallahi haka nake a lokacin, ba zan ɓoye ba.

Gwaggona, ƙanwar babana, ita ce shugabar wata ƙungiyar mata masu lambun zogale a kan hanyar Safo. Ƴan furoje, masu aikin tallafi, sun haƙa musu foraj, wato rijiyar burtsatse, sun sa panno na kama hasken rana da famfo mai aiki da shi, da shato na tara ruwa, suka gama suka tafi. Abin da ke ba famfon umarni wani ɗan kart ne, ƙaramin allon na'ura, cikin akwatin ƙarfe, bai wuce tafin hannu ba. Matan suna kukan cewa wani lokaci su tako tun daga gari su tarar shato bai cika ba. Sai na ce wa Gwaggo zan sa kart ɗin ya riƙa aiko mata da saƙo a waya idan ruwa ya taru. Da na so, da wata ƙaramar na'ura daban zan maƙala a gefe, shi ke nan. Amma na karanta labarin wata manhaja da ake kira ipervizar, wadda ke raba kart guda ya ɗauki tsari biyu, kamar mai gida ya raba wa baƙi biyu ɗakuna. Ɗaya ya kula da famfo, ɗaya ya kula da saƙo. Hannuna na ƙaiƙayi in gwada. Gwaggo ta tara mata ta ce musu ɗanta ya yi karatun abin, su kwantar da hankalinsu.

Bazara ce, rana kamar ta dafa mutum, kuma zogalen da suka shuka bai fi kwana goma da tsirowa ba. Da safe na je na zare memuwar da ke ajiye manhaja cikin kart ɗin, na goge abin da ƴan furoje suka sa, na zuba nawa. Ban kwafi na farkon na ajiye ba. Ban ma tsaya na yi tunanin haka ba, kai! Na mayar da ita, na haɗa kabul tsakanin kart da ordinatar don in ga abin da yake faɗa, na kunna. Layuka suka fara zubowa, sai wani layi ya ce an miƙa ragama ga ipervizar. Daga nan shiru. Na jira. Na kashe na kunna, nan dai ya sake tsayawa cak. Famfo ko motsi. Amma na ce wa matan da ke tsaye ɗan gyara ne, kafin azahar za su ga ruwa.

Ga inda laifina na gaskiya yake. Da la'asar wani tsohon makanike, wanda ya taya ƴan furoje kafa famfon, ya zo ya leƙa akwatin. Cikin ladabi ya ce mini in bari ya tsallake kart ɗin da waya biyu, famfo ya yi aiki kai tsaye muddin akwai rana, a sa mace ɗaya ta tsaya ta kashe idan shato ya cika, ni kuma in ci gaba da bincikena a tsanake. Na san gaskiya ya faɗa. Aikin rabin awa ne. Amma mata na kallo, kuma in na yarda, kowa zai gane na ɓata abin, tsoho marar lakwal, wanda bai yi boko ba, ya gyara. Sai na ɗaure fuska na ce hakan zai ƙone famfon ƙurmus, ba wata hanya sai a jira ni. Ƙarya na yi ƙiri-ƙiri. Ya dube ni, ya ce to, ni ne mai karatu, ya hau babur ɗinsa ya tafi.

Rana ta biyu da ta uku ban san yadda zan kwatanta muku su ba. Ina zaune ƙarƙashin panno, zufa na ɗiga a kan madannai. Na canza kabul. Na canza saurin maganar da ke tsakanin kart da ordinatar, ko ƙila yana magana ni ne ba na ji. Na auna wuta, lafiya lau. Na sake zuba manhajar har na daina ƙirgawa, kullum a wannan layi yake maƙalewa, ko gezau. Na nemi tsarin ƴan furoje don in mayar, babu wanda ke da shi. Ramin foraj kuwa guga ba ya shiga. Sai mata suka koma ɗauko ruwa a bido, wato jarka, a kan amalanken jaki, daga nesa, su zuba wa kowane tsiro ɗan kaɗan, ƙasa ta shanye kafin su juya baya. Ina ganin Gwaggo, da ciwon gwiwarta, tana jan bido tana duƙawa. Duk sanda ta wuce sai ta ce sannu ɗana, Allah ya ba da sa'a. Wannan sannu ta fi mini zagi zafi. Na yi kuka a bayan akwatin nan, na roƙi Allah, na zagi kart, na zagi kaina, amma wayyo, ban tashi na kira tsohon nan ba.

A rana ta huɗu na buga wa wani abokin karatuna waya. Ya ce in daina canje-canje kamar mahaukaci, in sa manhajar ta riƙa fitar da harafi ɗaya a kowane mataki, in ga inda haruffan za su yanke. Na yi. Suka yanke daidai inda ipervizar ke raba ma'ajiyar ƙwaƙwalwa. Na ɗaga kart ɗin na karanta rubutun da ke jikinsa da kyau, abin da ya kamata in yi tun ranar farko. Ma'ajiyar giga ɗaya gare shi. Tsarin da na kwaso daga intanet na wani kart mai giga biyu ne, suna ɗaya, kama ɗaya. Wato ina tura baƙo ɗakin da ba a gina ba. Layi biyu na gyara, na kunna, famfo ya ɗauka.

Ruwa ya zo, amma fiye da rabin zogalen ya riga ya kwanta ya bushe. Mata suka tsaya suna kallon ruwa na bin fangali babu abin da zai shayar. Gwaggo ta ja ni gefe ta tambaye ni abu ɗaya, ko wayoyin tsohon nan da sun kawo ruwa tun ranar farko. Na sunkuyar da kai na ce da sun kawo. Sai ta ce lalacewar inji ba komai ba ce, inji dama yakan lalace, amma ita ta tsaya gaban mata ta rantse musu cewa ɗanta ya ce ba wata hanya.

Ƴan'uwana masu aikin na'ura, ku ji ni. Kada ku yi gwaji a kan abin da mutane ke ci da shi. Kafin ku goge komai ku kwafa ku ajiye, ku karanta abin da ke hannunku kafin ku yarda da na intanet. In kuma kun ɓata, ku faɗa nan take, ku karɓi taimakon duk wanda ya miƙo hannu. Kuskuren giga ɗaya bai kashe zogalen nan ba, ƙaryata ce ta kashe shi. Matan sun sake shuka, kart ɗin yana aiki, saƙo na shiga wayar Gwaggo kullum. Tana amsa gaisuwata, tana aiko mini da kwaɗon zogale. Amma har yau, in famfon ya yi ɗan tari, tsohon makanike take aika a kira, ni da gida ɗaya ne tsakanina da ita sai dai in ji a bakin mutane.