Jar Saniya A Bayan Jaruma

Ni dai mayen fim ne, kuma ban taɓa jin kunyar faɗa ba. Shagon ɗinkina yana nan Safana, kan hanyar kasuwa, da wata tsohuwar bishiyar bedi a gabansa da benci biyu a inuwar. Ana sallame La'asar, kafin ka ce kwabo bencin ya cika. Ba abin da ke tara mu sai hirar finafinai: wa ya iya kuka, wa ya iya mugunta, wace jaruma ta yi aure, wace ta dawo. Ina taka keke ina sa baki, har na taɓa ɗinka wa wani malami aljihu a baibai saboda gardama.

Babban abokin gardamata mai caji ne, shagonsa manne da nawa. Shi ke tura wa mutane finafinai a waya. Na Indiya masu fassara yake so, ni kuwa na Hausa masu dogon zango, waɗanda ake saki duk mako. Mutumin kirki ne, amma bai taɓa yarda an fi shi sani ba. Ni ma haka nake, shi ya sa muke shiri.

Akwai kuma Baffa. Dattijon Bafulatani ne, rugarsu tana can wajen Tsaskiya. Shekarar da ɓarayin daji suka kore masa garke kaf, ya kwaso iyalinsa ya dawo gari, ya kama tufkar igiya yana sayarwa. Kullum yana ƙarshen benci da tufkarsa a cinya. Ba ya kallo. In muka kaure da musu sai ya girgiza kai ya ce, "Ku dai da gemunku kuna faɗa kan ƙarya."

Wata Laraba aka saki sabon kashi na wani fim da muke bi. A nan ne jarumin ya bi jarumar har ƙauye yana ba ta haƙuri, ita kuwa ta juya masa baya. Majalisa ta rabu biyu. Na ce wallahi ba za ta yafe ba, mai caji ya ce ai kallon da ta yi masa ta gefen ido ya gama magana. Don in ƙaryata shi na karɓi wayarsa, na maido wurin, na ɗaga ta sama kowa ya gani. Hasken ya faɗa fuskar Baffa.

"Tela," ya ce, "maido baya."

Na zaci ban ji daidai ba. Na ce, "Baffa, kai ma yau ka shigo layi?"

Bai yi dariya ba. Ya ajiye igiya, ya karɓi wayar da hannu biyu, ya kai ta kusa da hancinsa. Na maido masa. Ba jarumar yake kallo ba. A bayanta, can nesa kaɗan, shanu ne ke wucewa za su mashaya, abin da mu ko lura ba mu yi ba.

"Tsaya nan," ya ce. Na tsayar. Ya sa farce a kan wata jar saniya mai farin goshi, ƙahonta na hagu ya lanƙwaso ƙasa. "Wannan tawa ce."

Mai caji ya ce, "Haba Baffa, jajayen shanu nawa ne a duniya?"

"Da yawa. Amma wannan ɗaya ce. Ƙahon nan a hannuna ya lanƙwashe, tana karsana ta faɗa rami. Dubi yadda take jefa ƙafar baya. Ga kuma farar da ke bin ta, ba su rabuwa." Ya yi ta nuna su ɗaya ɗaya yana faɗin uwar kowace.

Duk majalisa ta miƙe ta yi masa rumfa, kowa na leƙe. Wani ya tambayi yaushe aka saki fim ɗin, aka ce yau da safe. Shi ke nan, lissafi ya fito fili: in yau aka saki, to kwanan nan aka ɗauka, in kuwa kwanan nan aka ɗauka, shanun Baffa suna raye, suna wuri guda, kuma wurin da mota ke zuwa, tunda har 'yan fim sun je da kayansu. A gano inda aka yi ɗaukar kawai, a kai maganar ga hukuma.

Ban taɓa ganin murna irin ta ranar ba. Mu da ake ce wa 'yan zaman banza, yau ga ranarmu ta zo. Kowa ya zaro iliminsa. Wannan ya ce ya san duwatsun nan, na wajen Batsari ne. Wancan ya ce ƙarya ne, ya gan su a wani fim, kuma a kusa da birni aka yi. Aka tura hoton cikin zauren waya na masu kallo, saƙonni suka riƙa shigowa kamar ruwan sama. Ni har na manta da wandon da na yi alkawarin bayarwa kafin Magariba. Mai shi ya zo, ya ji labari, shi ma ya zauna.

Mai caji ne ya kawo dabarar da ta fi. Ya ce yana da ubangida a Batsari, wanda ya koya masa sana'a, yana da babbar talabijin a shago, kuma da can in 'yan fim sun zo yankin shi ke yi musu jagora. A babban gilashi za a ga komai, shi kuma zai gane wurin. Aka tsayar da magana, washegari da safe za mu tafi mu uku.

Baffa ya riga mu fitowa. Ya sa wankakkiyar riga, ya ɗauko sandarsa da ya daɗe bai riƙe ba, ga igiya sabuwa a kafaɗa. Na ga igiyar, na kawar da kai, don kar ya ga idona. Muka hau mashin biyu. A hanya gero ya fitar da kai ko'ina, shi kuwa Baffa yana bayana yana magana cikin iska. Ya ce in Allah ya sa ko goma aka samu, ya gode. Ya ce jar nan tana jin muryarsa za ta bar garken ta taho, babu alƙalin da zai buƙaci wata shaida. Na ce masa, "Insha Allahu, Baffa, da ƙafarta za ta shigo Safana." Da gaske na faɗa.

Ubangidan mai caji ya tarbe mu hannu bibbiyu. Suka daɗe suna gaisawa da Baffa, ya gida, ya iyali, ya damina, ya aka ji da haƙuri, mu kuwa muna tsaye kamar a kan ƙaya. Da aka gama aka haɗa wayar da talabijin. Mutanen da ke jiran caji suka matso, labari ya riga ya iso su.

Hoto ya fito ɓaro-ɓaro. Ga jar saniya, ga farin goshi, ga ƙaho. Shago ya ɗauki kabbara. Mai shagon ya matsa kusa yana duba duwatsun, ya ce kamar ya san wurin, a ba shi minti ɗaya. Mai caji kuwa ya fara cika baki, wai ai shi ya ce a zo, kuma shi tun jiya ya gane ɗaukar bana ce, daga kyan hoton.

Wannan maganar ce ta tsokane ni. Don ni idona ba kan shanu yake ba, kowa da abin da ya iya gani. Rigar jarumar nake kallo. A ƙaramar waya ban lura ba, amma a nan ga hannun rigar nan mai tattara uku da buɗaɗɗen baki, ga zanen atamfar mai ganye-ganye. Wata ƙaramar Salla na ɗinka irinsa har yatsuna suka kumbura, kowace mace shi take so. Bayan shekara guda aka daina yayinsa, yanzu ko kyauta ka ba budurwa ba za ta sa ba. Sai kuma na tuna jita-jitar da aka taɓa yi, cewa akwai fim ɗin da aka fara ɗauka, masu shi suka saɓa, aka jingine shi shekaru.

Daɗi ya kama ni, daɗin na kama mai caji dumu-dumu. Ban tsaya tunani ba.

"Kai dai ba ka san fim ba," na ce da ƙarfi, har ina buga cinya. "Wace ɗaukar bana? Dubi hannun rigar nan. Wannan ɗinkin ya fi shekara biyar. Tsohuwar ɗauka ce suka zaro suka manna a sabon kashi."

Na juya ina jiran a yi masa dariya. Ba wanda ya yi. Sai a lokacin na ji abin da bakina ya faɗa. Shekara biyar, ai a lokacin shanun suna hannun mai su. Da ƙasa za ta tsage da na shige, wallahi ban taɓa jin haushin kaina irin na ranar ba.

Mai shagon ya yi gyaran murya, ya ce a hankali yanzu ya tuna. Shi da kansa ya kai 'yan fim ɗin, can bayan Tsaskiya, lokacin ana shiga dajin lafiya. Garke ya zo wucewa, mai ɗaukar hoto ya ce a bar su, za su ƙara wa wurin kyau.

Na durƙusa gaban Baffa. Na ce, "Baffa, ka yafe mini. Bakina ne ba shi da linzami."

"Tashi, tela," ya ce, idonsa na kan talabijin. "Na riga ka gani. Ka ga ɗan maraƙin da ke gefenta? Ranar da aka kore su, shi ne bijimin garken. Kukar can kuma tamu ce, a gindinta nake sallar Azahar." Ya gyara riƙon sandarsa. "Na dai so a bar ni in ƙara kallo kafin wani ya faɗa."

Mai shagon ya maido wurin, ya sake maidowa, ya fi sau goma. Baffa yana tsaye dogare da sanda, leɓɓansa na motsi, yana kiran su ɗaya bayan ɗaya har ta ƙarshe ta shige bayan dutse. Da za mu tafi ya zaro 'yar wayarsa daga aljihu, ya tambaya ko tana iya ɗaukar wannan wurin kawai. Mai caji ya yanko masa shi, bai kai minti biyu ba. Igiyar kuwa a shagon ya bar ta, ya ce a ba duk mai so.

Har yanzu majalisarmu tana nan, gardama ma ba mu daina ba, sai dai ni na rage saurin baki. Baffa yana ƙarshen benci. In ya gaji da tufka sai ya fito da wayar, ya kashe murya, ya kalli minti biyunsa. Rannan ya yafito ni, na bar keke na je. Ya nuna mini jarumin da jarumar, waɗanda muka kusa cinye juna a kansu, suna tsaye a gaba sun cika hoton.

"Tela, kai da ka san kan abin nan," ya ce, "waɗannan mutum biyun, ba yadda za a yi su ɗan matsa gefe? Sun kare mini guda huɗu."