Inna Sumie Mai Sirka Ruwa

Ƙarfe shida na safe Inna Sumie take buɗe gidan wankan garinmu. Ta wanke ƙaramin kwamin da ke ƙurya, ta tari ruwan zafin da ke ɓuɓɓugowa daga dutse, ta yi ta sirka shi tana gwadawa da gwiwar hannu. Mu nan mun fi son ruwa mai dafa mutum, amma fatar da aka gasa da na'ura bayan aikin kansar mama ba ta jin zafi sai ta saluɓe. Wannan kwamin na matan da asibiti ke turowa ne su jiƙa fatarsu. Shekara ashirin da shida tana wannan aiki.

Yayata Kinue tana cikinsu. Ƙirjinta ya bushe ya tsattsage, hannu ba ya ɗaguwa, ƙaiƙayi ya hana ta sakat. Ranar farko ta shiga ruwa tana rufe tabon aikin da ɗan tawul, alhali a garinmu kowa ya san tawul ba ya taɓa ruwan wanka. Wata tsohuwa ta daka mata tsawa daga babban kwami: "Ke, a gidanku ba a koya miki wanka ba? Fitar da tsumman nan!" Yaya ta fito, ta ce ita da nan har abada.

Inna Sumie ta tare ta a ƙofa. "Ina zuwa, 'yata? Ruwan da na sirka, wa zai shiga, ni?" Ta dubi tsohuwar. "Goggo, ƙasusuwanki ai sun dahu, tashi haka nan." Da tsohuwar ta fita, Inna ta kulle ƙofa, ta zauna ta juya baya, har Yaya ta ajiye tawul ɗin da kanta. Tun daga ranar, awar farko ta matan nan ce su kaɗai.

Ruwa bai warkar da Yaya ba. Ciwon ya dawo, bara ta rasu, har yau ban daina kuka ba. Amma ta yi wata bakwai ba ta sosa jikinta har jini, kuma ita ke taje kanta.

Inna, ke ce kika rufa wa matan nan asiri ba da tawul ba. Mun gode. Yanzu yatsunki sun ƙage, ƙarshen watan nan za ki ajiye aiki, masu gidan kuma sun ce in babu mai karɓa za a toshe kwamin. Matan garinmu, mutum tara ke zuwa yanzu, kuma ranar ɗaya ga wata za su zo kamar kullum. Wata a cikinmu ta tashi ta buɗe musu.