Kwat ɗin akawun jirgin ƙasa

Ni ban yi boko ba, allon ma a izu biyu na jingine shi, kuma malam bai yi kukan rabuwa da ni ba. Wanki da guga na iya. A Fagge nake kwana, amma abincina yana Sabon Gari, wajen akawuna da malaman makaranta. Tunda ba na rubutu, zare nake ƙullawa a cikin wuyan riga don in gane kayan kowane gida. Na wani akawun jirgin ƙasa, mutumin Kudu, ƙulli uku ne na jan zare.

Shekarar da aka yi rigimar nan tsakanin unguwannin biyu, an yi kwanaki ba mai tsallaka titi. Da abin ya lafa, sai kaya suka cika hannun dillalai a Fagge, araha har da ban tsoro. Ba mai tambayar daga ina. Mai rake ma takalmi sau-ciki ya sa.

Wani dillali ya ɗaga mini baƙin kwat ya ce, "Angon gobe, zo ka gwada. Kullum kana goge na mutane, kai kuwa kamar tsumman fitila."

Na ce, "Na waye?"

Ya ce, "Na wanda ya saya."

Na juya wuyan, yatsana ya taɓa ƙulli uku. Aikin hannuna ne. Zan so in ce jefar da shi na yi, amma saya na yi, don akwai yarinyar da nake so ta gan ni a ciki.

A gida Inna ta dube shi sau ɗaya ta ce, "Kada ka rataye mini wannan inda nake salla."

Kafaɗar a yage take, cikin kuma akwai tabo. Na san tabon goro, na san na manja da na tawada. Wannan ba ɗaya daga cikinsu ba ne. Na wanke, ruwan ya sauya launi, na ɗinke yagar. Kwana biyu yana rataye a zaure, na kasa zura hannu a ciki.

Rana ta uku na naɗe shi a tsohon zanen Inna na nufi Sabon Gari. In an kama ni da shi a can, ni ɓarawo ne ko abin da ya fi haka. Tituna shiru, wasu ƙofofin sun ƙone, ana leƙena ta taga.

Na tarar da matar akawun zaune a tsakar gida, mata kewaye da ita, ƙanin mijin tsaye a bakin ƙofa. Ta warware zanen.

"Mai wanki, ina ka samo shi?"

"A cikin wanki ya maƙale, Madam."

Ta shafa ɗinkin kafaɗar da yatsa. Da wannan kwat ɗin mijinta ya fita ranar rigimar, ta sani, ni ma na gane ta sani. Ƙanin ya matso har ina jin numfashinsa a ƙeyata.

Ta ce, "Goge shi. Gobe zai sa."

Ni da wautata sai na ce, "Alhamdu lillahi, ashe maigida ya samu sauƙi."

Wata tsohuwa ce ta ja ni gefe ta ce jiya ya cika a asibiti, su kuma ba likkafani suke yi ba, da mafi kyawun kayan mutum suke binne shi.

Aka zuba mini gawayi a dutsen gugarsu. Na goge shi a kan tabarma, ƙanin na tsaye a kaina. Da na gama ta karɓa, ta ce wa ƙanin ya zauna. Da kanta ta raka ni har bakin titi.

Ta ce, "Tafi, kada ka waiwaya. Kada kuma ka sake zuwa."

Ban sake ba.