Babur ɗin da ba ya jin ƙishirwa

Mai Makulli mutum ne da bai taɓa yin kuskure ba, in dai shi za a tambaya. Rumfarsa tana bakin titi, tsakanin mai sayar da katifa da wani shagon gyaran waya. Tun yana saurayi yake zaune a kan benci ɗaya, injin yanka makulli a gabansa, magagari a aljihu, kwaɗuna rataye a bayansa har wasu sun yi tsatsa. Idan makullin da ya yanka ya ƙi buɗe ƙofa, to ƙofar ce ba ta da tarbiyya. Ya sha faɗa wa mutane haka ido da ido, su kuma su koma gida su yi ta jijjiga ƙofa.

'Ya'yansa uku ne, mata biyu suna gidajen mazajensu, sai namiji ɗaya, Auta, wanda har ya tara gemu ya yi aure ba a daina ce masa Auta ba. A rumfar ya tashi, a nan yake aiki tare da uban. Wata rana wani direba ya dawo da makulli yana ƙorafi, Mai Makulli ya gyara zama ya fara karanta masa laifuffukan ƙofar motarsa. Sai Auta ya karɓi makullin, ya ɗaga shi ya duba, ya ce, "Baba, ai a juye ka yanka shi."

A juyen kuwa ya yanka shi, kuma abin da ya ƙi yafuwa ke nan. Da ƙarya Auta ya yi, da kafin yamma an manta. Mai Makulli ya miƙe tsaye, ya shaida wa direba da mai katifa da duk wanda ke wucewa cewa daga yau bakinsa ba zai sake yi wa yaron nan magana ba, ƙafarsa kuma ba za ta taka inda yake da sunan ziyara ba. Auta, da yake ba a ƙasa ya ɗauko taurin kai ba, ya ajiye magagarinsa ya tafi. Ba a jima ba ya sami aikin zuba mai a wani gidan mai da ke can bayan gada.

To, Mai Makulli yana son ɗansa, so mai tsanani, irin wanda yake hana mutum cin abinci. Sai dai ya riga ya yi magana a gaban mai katifa, mai katifa kuwa ba ya mantuwa. Abin da ya cece shi shi ne tsohon babur ɗinsa, wani jan rakwaɓaɓɓe da ake ji tun daga kwana, wanda yake shan mai ta sama yana zubarwa ta ƙasa. Kullum da safe tankinsa a bushe yake kwana. Mai Makulli ya zauna ya yi nazari, ya yanke hukunci cewa sayen mai ba ziyara ba ne, ciniki ne. Akwai gidajen mai biyu a kusa da gidansa, amma nan take ya gano cewa mansu akwai ruwa a ciki.

Haka ya riƙa zuwa bayan gada kowace safiya, ya shiga layin famfon Auta ko da ɗayan layin babu kowa. Da yake ba ya magana da yaron, sai ya riƙa magana da famfo. Yakan tsaya ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Wannan famfon ya rame. Ba a ba shi abinci ne a gida?" Auta kuma ya sunkuya yana kallon cikin tanki, ya ce tankin nan tari yake yi tun jiya, ya kamata ya daina shan ruwan sanyi. Ta haka uban ya ji cewa an gyara rufin ɗakin famfo, ta haka ɗan ya ji cewa gwiwar tanki ta tashi. Abokan aikin Auta tun suna dariya har suka saba, wani lokaci ma su ne suke cewa famfo ya zagaya bayan gida, tanki ya ɗan jira.

Da an bar su haka, da sun tsufa lafiya. Amma Auta yana ganin yadda tsohon babur yake cinye wahalar ubansa, abin yana damunsa. Ya haɗa kai da yayyensa mata, suka sayo sabon babur, suka aiko da shi ta hannun uwarsu. Ita kuwa ba ta jira shawara ba, kafin maigidan ya dawo daga wanka ta sa masu sayen tsofaffin ƙarafa sun tura jan rakwaɓaɓɓen sun yi gaba da shi. Da ma ta gaji da wanke baƙin mai a tsakar gida.

Sabon babur ɗin na samari ne, ba na mai ciwon gwiwa ba. Baƙi ne da ratsin shuɗi, tankinsa ya yi tozo, fitilarsa ta gaba a tsuke kamar mai harara, salansa ta ɗaga baki sama. Hannunsa ƙasa-ƙasa yake, dole mai tuƙi ya duƙa ya rungumi tanki, kujerar baya kuma ta fi ta gaba tudu. Ranar da ya ɗauki matarsa, sai ta tsinci kanta a sama tana hango tsakar gidajen mutane ta kan katanga, ta sauko da labarin da ya ishe ta mako guda. Ba a buga shi da ƙafa, maɓalli ake taɓawa ya tashi. Giyarsa biyar, burkinsa yana kamawa tun kafin mutum ya gama niyya. A gaban mai tuƙi akwai ɗan gilashi mai haske, da wasu layuka a jere masu nuna yawan man da ya rage.

Waɗannan layukan ne suka zama abokan gabarsa. Ya je rumfa ya dawo, suna nan yadda suke. Ya kwana ya tashi, suna nan. Ya ƙwanƙwasa gilashin da ɗan yatsa, ya girgiza babur ɗin, ya buɗe tanki ya leƙa da ido ɗaya, mai yana nan yana kallonsa. Mako ya shige bai ga Auta ba. Maƙwabta suna ta zuwa yi masa murna, suna cewa ai ya huta, irin wannan babur sai mutum ya manta hanyar gidan mai. Shi kuwa yana amsawa da kyar, don ba a taɓa yi masa mugun fata irin wannan ba.

Ya fara da dabarar da ta fi sauƙi. Ya kunna babur a gaban rumfa ya bar shi yana aiki tun safe har rana ta take, babur ɗin yana ta ɗan gurnaninsa a hankali, layi ko ɗaya bai motsa ba. Ya koma yawo a giya ta ɗaya, injin yana kururuwa, shi yana tafiyar da mai keke yake wuce shi. Ya ce wa mai katifa, wanda shi ne mafi ƙiba a layin, ya zo ya kai shi duk inda yake so kyauta. Mai katifa ya hau ya ziyarci dangin da ya shekara bai gani ba, ya ƙara ƙiba da abincin baƙunta, babur bai ko lura da shi ba.

Daga nan ya je wurin bakanike, ya ja shi gefe ya ce so yake a gyara masa babur ya riƙa shan mai. Bakaniken ya ce ya gane, a rage masa shan mai. Mai Makulli ya ce a ƙara. Bakaniken ya goge hannu, ya dube shi da kyau, ya tambaye shi ko yana samun barci. Sannan ya yi masa bayani cewa wannan ba shi da kabiretar da za a murɗa, wata 'yar na'ura ce a ciki take auna masa mai ɗigo-ɗigo, kuma ba ta jin lallashi. Ya ƙara da cewa abu ɗaya ne yake sa irinsa ya sha mai sosai, shi ne gudu.

Bai kamata a faɗa wa Mai Makulli wannan ba. Washegari aka ga dattijo mai furfura a duƙe kan tanki, riga ta cika da iska ta yi masa tulu a baya, ya murɗe totur har ƙarshe a kan babban titi. Wasu samari masu babura suka ɗauka tsokanarsu yake yi, suka bi shi, ya bar su a baya ba tare da ya san ana tsere ba. Kafin mako ya zagayo sun sa masa suna Baba Walƙiya, suna zuwa rumfa neman sirrin yadda yake shan kwana. Ba sa samunsa, don rumfar a rufe take. A bakinta mutane ne zaune, waɗanda suka kulle kansu a waje, suna jiran mai yanka makulli ya gama zaga gari. Duk wannan wahala, abin da ta samar masa bai wuce zuwa gidan mai sau ɗaya a mako ba, ga ciwon baya.

Sai ya sayi tiyo. Da sassafe ya zura shi a tanki ya zuƙa, rabi ya tafi cikin jarka, kurɓi guda ya tafi cikinsa. Ya yini yana gyatsar fetur, matarsa ta hana shi matsowa kusa da murhu. Man kuwa ya kai wa mai gyaran waya ya zuba a janareta. Wannan dabara ta yi aiki. Ya koma zuwa bayan gada kowace safiya da busasshen tanki, fuskarsa ta washe, har ya gaya wa famfo cewa sabon askin nan bai yi masa kyau ba.

Abin da bai lissafa ba shi ne, Auta ne ya zaɓi babur ɗin da kansa, kuma saboda rashin shan mai ya zaɓe shi. Ganin tanki yana bushewa kullum, hankalinsa ya tashi, ya tabbata an sayar masa da mai lahani. Ya je kamfanin da ya sayar masa da shi ya yi musu tas, suka turo mota ta ɗauke babur ɗin daga ƙofar gida don bincike. Mai Makulli yana tsaye ya ɓoye tiyo a bayansa. Aka kwance babur aka ɗaure, aka auna shi ta kowace fuska, aka daɗe ana yi. Shi kuma yana zaune a rumfa ba babur, ba dalilin zuwa gidan mai, yana yanka makullai da rai a ɓace. A cikin kwanakin ne matarsa ta dawo daga gidan Auta ta ce zazzaɓi ya kwantar da yaron, amma ya tashi har ya koma aiki. Ta faɗi haka ne tana ninke wanki, kamar ba komai ba. Mai Makulli ya tambaye ta ko ya rame, ta ce ai yana da ido, ya je ya gani.

Wata rana da yamma kamfanin ya dawo da babur, da saƙon cewa lafiyarsa ƙalau. Don su wanke kansu, sun cika masa tanki har baki. Matarsa kuma ta riga ta yanka tiyon ta ɗaure kajinta da shi.

Da gari ya waye ya hau babur ɗin ya nufi bayan gada, ba shi da wata dabara, ya dai tafi. Ya shiga layin Auta, layi ya matso, ya zo gaban famfo. Yaron ya rame kuwa, wuyan rigar aikinsa ya yi masa yawa. Auta ya buɗe murfin tanki, mai ya taso yana sheƙi a bakinsa, ko cokali ba zai shiga ba. Ya daɗe yana kallon man. Ya dubi leɓen ubansa da fetur ya sa ya yi ɓawo, sai ya mayar da murfin a hankali.

"Baba, babu wuri," in ji shi.

"Na sani."

Motocin baya suka fara danna oda. Mai Makulli ya rasa inda zai sa idonsa. Ya kai hannu zai taɓa maɓalli ya tafi, sai Auta ya riƙe kan babur ɗin, ya ce wa abokin aikinsa ya kama masa famfo, tayar baya tana son iska. Ya tura babur ɗin da uban a kai har gefe, inda injin iska yake.

Tayar lafiyarta lau, a cike take tam. Auta ya tsuguna, ya sa ɗan tsinke a bakin bawul ya danna, iska ta riƙa fita da tsaki har tayar ta kwanta a ƙasa. Sannan ya jawo tiyon iska ya fara cika ta, a hankali, yana tsayawa yana matsa ta da babban yatsa. Mai Makulli yana zaune a sama yana kallon tsakiyar kan ɗansa, inda gashi ya fara zubewa bai sani ba. Ya tambaye shi ko ya sha magani, Auta ya ce ya sha. Ya tambaye shi ko yana cin abinci, ya ce yana ɗan taɓawa. Tayar ta cika, Auta ya ce ta yi yawa, ya sake sace ta.

Da ya gama, ya miƙe yana kakkaɓe gwiwa, ya ce irin waɗannan tayoyin na zamani ba su da amana, kullum da safe sai an duba su, in ba haka ba sai su kayar da mutum.

Mai Makulli ya goge ido da hannun riga, ya leƙa gaban babur ɗin, ya ɗan taɓa tayar da ƙafa.

"Ta gaban ma ban yarda da ita ba," ya ce.