Achta Mai Folere da Ƙishirwarta

Achta ta daɗe tana shayar da mutanen tasharmu, ita kuwa ko ruwan famfo ba ta kurɓa daga asuba har faɗuwar rana. Folere take sayarwa, wato zoɓo, haka muke ce masa a nan Garwa. Ni ina soya makala, wato fanke, a gefenta, a ƙofar tashar motocin Gider da Marwa, don haka abin da zan faɗa a gaban idona aka yi shi.

'Yar Kuseri ce. Mahaifinta mai kwalekwale ne, yana ƙetarar da mutane a kogin Logon, a bakin ruwa ta girma. Aure ya kawo ta Garwa, mijinta Adoum direban motar auduga ne, ya fi kwana a hanya fiye da gida. Lokacin da na fara saninta, in ta yi dariya har 'yan moto masu haya da babur na tsallaken titi sai sun waiwayo. Ga tsabta kamar ta yi yawa. Ruwan folerenta tafasasshe ne, gorunanta da ruwan zafi da sabulu take wanke su, in ƙuda ya taɓa bakin kofi ta zubar. Mukan tsokane ta mu ce wata rana ƙanƙarar ma sai ta wanke ta da sabulu.

Haihuwarta ta ƙarshe ta zo da gardama. An yi mata wankan jego yadda aka saba, ta sha kunun kanwa har ya gundure ta, amma tun kafin arba'in ta dawo tasha tana cicciɓar kula cike da ƙanƙara, domin gida ba ya jira. Daga nan abin ya fara. Ta yi tari, fitsari ya ɗiga. Ta yi atishawa, ko ta sunkuya ɗaukar kula, haka. Ni kaɗai ta gaya wa, murya ƙasa-ƙasa, tana goge gorar da ta riga ta goge.

"Yaya, in aka ji wannan, wa zai sake shan abu daga hannuna?"

Ta je wurin wata mai kayan mata, aka haɗa ta da alam, farin dutsen nan na matsi, da turaren tsuguno. Alam ya ƙone ta, turaren ya bar mata ƙamshi a kan ciwo. Sai ta yi wa kanta dabara: tunda abin da aka sha shi ke fita, ta daina sha. A Garwa fa, inda zafin watan Afrilu ke narka kwalta. Ta koma zannuwa masu duhu, tana ƙunsa tsumma, tana canja zane kafin kowace salla. Dariyar ma ta daina, don ita ce ta fi tona mata asiri. Mutanen tasha da suka ga leɓenta a bushe suka yanke cewa azumin nafila take yi, suka shiga yabonta, ana cewa samun mace mai ibada irinta sai an tona. Suna yabo suna kwankwaɗar folere, ita tana kallon maƙogwaronsu.

Wata rana da azahar ta miƙa wa fasinja gora, sai kawai ta sulale a gefen kula. A asibiti aka ƙara mata ruwa, aka ce mafitsararta ta kamu da ciwo saboda rashin sha. Da nas ta matsa mata da tambaya ta faɗi gaskiya, aka tura ta wurin Madam Monique, wadda ake ce wa kine, mai gyaran jiki da motsa gaɓoɓi. Mutuniyar duwatsun wajen Gider ce, Kirista, Hausarta ta kasuwa. Ni na raka Achta ranar farko.

"Dada, wannan ba yoyon fitsari ba ne," in ji Madam Monique, wadda ke kiran kowace uwa Dada. "Akwai nama a ƙasan mara, shi ke riƙe komai. Haihuwa da ɗaukar nauyi sun gajiyar da shi. Za mu koya masa aiki."

"Ba allura? Ba ƙwaya?"

"Babu. Amma ruwa dole. Ki sha yanzu a gabana."

Aikin ba wani abin kallo ba ne. Ta kwantar da ita a tabarma, ta ce ta matse ƙasanta kamar mai riƙe tusa a cikin jama'a, ta riƙe kaɗan, ta saki gaba ɗaya. Ta koya mata ta fitar da numfashi in za ta ɗaga kula, ta matse kafin tari ya zo, ta kuma raba ƙanƙarar gida biyu don nauyin ya ragu. Da farko Achta ta ce ba ta ma jin inda naman yake. Ta dage dai, tana yi a zaune a tasha ba wanda ya sani. Kafin damina ta ƙare ta ajiye tsumma. Ranar da wani fasinja ya yi rigima da akuyarsa a kan rufin mota, Achta ta ƙyalƙyale da dariya, ta tsaya cak, sannan ta dube ni ta ɗaga gira. Ba abin da ya ɗiga. Na yi farin ciki har makala ta ƙone mini.

Da ta yi shiru daga nan, da yanzu tana cikin rufin asirinta. Amma tana da 'ya budurwa, Kaltume, 'yar makarantar lise, wato sakandare, wadda ta fara kukan zafin fitsari da ciwon mara. Da uwar ta bincika, ashe yarinyar ma ba ta shan ruwa sai ta dawo gida. Bayan gidan makarantarsu ya cika ya tumbatsa, ba ƙofa, ba ruwa, sai ƙudaje. 'Yan matan ajinsu duka haka suke matse fitsari har yamma.

"Wa ya koya miki wannan?" in ji Achta.

"A wurinki na gani, Mama."

Madam Monique tana tara iyaye mata da 'yan mata ranar Asabar a wata rumfa a unguwar su Achta. Takan yi bayani, matan su sunkuyar da kai kamar ba da su ake ba, alhali rabinsu da tsumma suka zo. Asabar ɗin da ta biyo baya Achta ta miƙe a gabansu, ga 'yarta a zaune, ta faɗi komai: ɗigar, alam ɗin, ƙishirwar, faɗuwar, da yadda ta warke. Ta ce kada wata yarinya ta ƙara hana kanta ruwa. Na ga mata suna share hawaye da bakin mayafi, wasu suka tsaya bayan taro suna tambayar Madam Monique a ɓoye.

A cikin masu hawayen har da matar Bilya, ɗan kamashon tasharmu, ƙato mai gemu. Ran Litinin wani direba ya miƙa hannu zai ɗauki gora a wurin Achta, Bilya ya ce masa daga inda yake zaune, "Kai dai ka san abin da kake sha." Aka yi dariya. Direban ya janye hannunsa ya goge a riga.

Wannan Bilya, a jikin katangar bayan tasha yake tsayawa ya yi fitsarinsa, shi da direbobin duka, katangar da zarninta ke hana ni cin abinci in iska ta juyo. Daga can yake dawowa ya tsoma hannu a tiren makalata yana zaɓen mai zafi, ban taɓa ganin ya nemi buta ba. Shi ne yau yake yatsina fuska. Na gaya masa haka a gaban kowa, ya ce ni ma a bincike ni. Abin da ya fi ba ni ƙyama shi ne, duk lokacin da take fama da tsumma suna layi a gabanta suna yabon ibadarta. Yanzu da ta warke sarai, a bushe take tsaf, yanzu ne suke ƙyamarta.

Kafin mako ya zagayo suka koma wurin wani mai ruwan leda da ba wanda ya san daga ina yake ɗebo shi. Sai baƙin fasinja ne ke saye a wurinta, su ma in Bilya bai riga ya raɗa musu ba. Na tambaye ta ko ta yi nadama. Ta ce Kaltume tana tafiya makaranta da gorar ruwa yanzu, ita da ƙawayenta, iyaye kuma sun fara zuwa wurin shugaban makarantar a kan maganar bayan gida.

Jiya da la'asar ƙanƙararta ta narke, kula cike ba a taɓa ba. Ta buɗe, ta ɗauki gora ɗaya ta miƙo mini, ta ɗauki wata. Bilya yana zaune a benci yana kallonmu. Ta kafa kai ta shanye tas, ta ɗauki ta biyu.