Rigar da Aka Ɗinka wa Rauta

A shagon Goggo Mai Alli babu abin da ke zama tsirara. Keken ɗinki na da rigarsa, fanka na da tata, hatta butar alwala an yi mata wuya da leshi. Da keken nan ta sa 'ya'yanta a makaranta bayan rasuwar maigidan, sunan kuwa ya bi ta ne don ba ta sa almakashi a yadi sai ta ja masa alli. A wajenta, abin da ka saya da guminka sai ka suturta shi.

To, zamani ya watsa mata masu kawo ɗinki, sai dai su turo samfur ta waya. Cikinsu har da wata Hajiya da ke ƙasar waje, wadda Goggo ce ta ɗinka mata kayan aure, yanzu ga shi za ta aurar da 'yarta. Ta ce ba ta son hannun kowa sai na Goggo, amma sai ta ga aikin wuyan rigar da idonta a bidiyo. Duk kiran da suka yi, fuskar Hajiya sai ta daskare baki buɗe, ya yanke. Ƙarshe Hajiya ta ce in har Juma'a ba ta gani ba, dole ta ba telan can. Maganar ta yi wa Goggo ciwo ƙwarai. Ita ta ɗinka wa uwa, a ce wani ya ɗinka wa 'ya?

Surukinta mai gyaran waya ya ce rauta za ta saya, 'yar na'urar da ake sa wa layi ta raba intanet a shago. Ta ce ta ji, amma ita ba ta yanka sai ta auna. Ta aro layukan kamfanoni daga maƙwabta, ta bi shagon lungu-lungu da waya a sama, safe da yamma, inda sabis ya cika ta ja alli a bango. Mai shayin ƙofar shago ya tambaya ko aljanu take kora, ta ce ya ji da madararsa. Layi mafi tsada shi ne rago a shagonta. Wani kuma da safe gwarzo, da yamma in kowa ya hau sai ya kwanta. Ta ɗauki wanda bai ba ta kunya ba, ta zaɓi rauta mai batir saboda ɗaukewar wuta, surukin ya kafa ta a saman taga, daidai inda allin ya fi yawa.

Sai hali ya motsa. Goggo ta dubi abar nan fara fat, ba ko ɗankwali, ta ji ba za ta iya ba. Ta ɗauko ragowar karan-miski ta yi mata riga mai soso a ciki, ta zuba mata aikin zare, ta rufe ta ruf har ramukan shan iska.

Ranar Juma'a, ana cikin gaisawa da Hajiya, kiran ya yanke. Goggo ta kira surukin hankali tashe, wai an sayar mata da jabu. Ya ɗora hannu a kan rautar, ya janye da sauri, zafi kamar dutsen guga. Ga dariya na cinsa, ga kunyar suruka, sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Goggo, a yi haƙuri, wannan ba ta sa kaya."

Da hannunta ta tuɓe ta tana mita, ta tsaya tana yi mata fifita da kwali har ta huce. Da aka sake kira, fuskar Hajiya ta fito tar, har kwallin idonta ana gani. Goggo na ƙoƙarin ɗago yadi, Hajiya ta ce ta dakata, mene ne wancan a kafaɗarta? Rigar rautar ce ta rataya ta manta. Ta matso da ita jikin wayar tana jin nauyi. Hajiya ta daɗe tana kallon zaren, sannan ta ce, "Irin wannan kika yi mini a wuyan rigata. Shi nake so ki yi wa 'yata."

Goggo ta ce to. Alfahari ya cika ta, ta juya baya ta goge ido da gefen ɗankwali.

Har yau rautar ce kaɗai tsirara a shagon. Amma in ka ɗaga kai za ka ga 'yar shimfiɗa mai leshi a ƙarƙashinta, surukin ya ce wannan ba laifi.