Alƙalin Wasan Da Ya Ce Ba Ya Jin Hausa

'Yata ta biyu tana jin Hausa sarai, amma ba ta mayarwa. In na ce ta miƙo mini ludayi za ta miƙo, sannan ta amsa mini da Turanci kamar baƙuwa a gidana. Na yi faɗa, na yi lallashi, har na gaji na bar wa Allah. Abin da bakina ya kasa sai ga shi wasan sofbol ya yi, a shekarar da ta cika sha ɗaya.

Wasan 'yan mata ne, ɗaya ta jefo ƙwallo, ɗaya ta doke shi da kulki ta sheƙa da gudu. Ni dai har yau ban gama gane kansa ba. Abin da na gane shi ne waƙa, domin na benci ba sa rufe baki, suna ta yi wa mai riƙe da kulki kirari da tafi. Doka guda alƙalan wasa suke tsarewa a kan haka: ku zuga taku, kada ku taɓa ta wasu.

Wata rana ta same ni ina tuƙa tuwo, ta ce kowacce a ƙungiyarsu za ta kawo waƙa, ko akwai ta Hausa? Muciya na hannuna na shirya mata: "Buga, yarinya, buga! Ƙwallo ya tashi, ba ya dawowa!" Ta koya wa ƙawayenta, waɗanda ba su taɓa jin sunan Kano ba, suka haddace tsaf. Daga nan yarinyar nan ta fara bina tana neman kalmomi. Ran da ta ce mini "ina kwana" ba tare da na tambaya ba, sai da na shiga ɗaki na share hawaye.

A benenmu na unguwar Mount Hope, a nan ƙasar Turawa, akwai maƙwabci, ɗan garinmu, yara suna ce masa Kawu. Tasi yake ja, ranar Asabar kuma yana alƙalancin wasan yara. Ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, na kai masa tuwo. Ya taɓa jin 'yata tana rera waƙar a matakala, ya yi dariya har da riƙe ciki, kuma shi da bakinsa ya ƙara mata baiti: "Buga, 'yar baba, buga!"

Saboda haka da muka isa filin wasa a unguwar Soundview na ga shi ne alƙali, zuciyata fari ƙal. Wasa ya yi nisa, 'yata ta ɗauki kulki, benci ya ɗauka: buga, buga! Sai kocin ɗaya ƙungiyar ya taso fuska a murtuke. Ashe a kunnen Turanci, buga ta yi kama da kalmarsu ta tasono. Ya ce yaranmu suna kiran mai jefa musu ƙwallo tasono, ga ta can ma tana shirin kuka.

Ban ga laifinsa ba, mutum ne yana kare yarinyarsa. Hankalina kwance yake, don amsar tana bakin wanda ke da iko. Magana ɗaya ce, ya ce kalmar tana nufin doki ƙwallo, a yi dariya a ci gaba. 'Yata ma shi ta juya tana kallo.

Kawu ya cire abin kare fuska, ya dubi kocin, ya ce da Turanci bai san me suke faɗa ba, ba ya jin yaren. Ya yi wa bencinmu gargaɗi a kan rashin ladabin wasa, ya ce daga yanzu a yi waƙar da kowa ke ji, in aka sake zai kori mai waƙar.

Na kama wayar shinge na ɗaga murya: "Malam, ka ji tsoron Allah! Kai ne ba ka jin Hausa?" Ko waiwaye bai yi ba. 'Yata ta kai wa ƙwallo duka har sau uku ba ta same shi ba, ta koma benci ta zauna a can ƙarshe. Da ɗan gari akan ci gari, ran nan na ga ma'anarsa da idona.

Washegari ya tare ni a ƙofar bene. "Hajiya, ki yi haƙuri. In suka gane na san ku za su ce ina favouring ɗinku, ba za a sake ba ni game ba." Na ce, "Malam, ba mu ce ka ba mu nasara ba. Fassara kawai aka nema." Ya watsa mana ƙasa a ido, kuma har yau ban huce ba.

Bayan kwana biyu muna saukowa da 'yata muka yi kiciɓis da shi a matakala. Ya washe baki ya ce, "'Yar baba, ina kwana?" Ta dube shi ido cikin ido ta ce, "Sorry, I don't understand," maganar da ya yi a fili ta mayar masa. Na ji daɗi har cikin raina, na ce maganinsa ke nan.

Da muka dawo gida na ce ta miƙo mini ludayi. Ni ma abin da ta faɗa mini ke nan.